Fin ɗin ƙofar motar ya ƙi fita

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a taimaka min da shawara. Ina da tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura ta mahaifinmu, ta daɗe a ajiye ruwa na dukanta, yanzu ƙofar direba ta sauko sai an ɗaga ta take rufuwa. Na so in canza fin ɗin hinjin amma na buga na buga ko motsi bai yi ba, har bakinsa ya fara bajewa. Daga mai karatu a Funtua.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da ka riƙe motar nan. To da farko dai ajiye gudumar nan tukuna, domin wannan bajewar da ka gani ita ce babbar matsalar yanzu, bakin ya fi ramin faɗi, ko tsatsar ta saki ba zai wuce ba sai ka goge shi da fayil ko giranda ya koma daidai.

Sannan ka duba ta ina kake bugawa. Yawancin fin ɗin nan suna da kai a gefe ɗaya, ƙarƙashin kan kuma akwai 'yan haƙora da ke cizon hinjin, wato ta ɓangaren kan zai fita, in kan yana sama to daga ƙasa za ka buga. Wasu da kilif a jikinsu, tsatsa da fenti sun rufe shi, sai ka kankare za ka gani. Wallahi na sha ganin yara a gareji suna gumi suna ƙara tura fin ciki ba su sani ba.

Ka buɗe ƙofar ka sa jak a ƙarƙashinta da katako a tsakani, ka ɗaga kaɗan kawai don nauyin ya bar kan fin ɗin. Ka fesa WD-40 ko kananzir safe da yamma kamar kwana 2 ko 3, kana ɗan kaɗa ƙofar don man ya ratsa, nan ne mutane ba sa haƙuri. Ranar bugu kar guduma ta taɓa fin kai tsaye, nemi ƙarfe miƙaƙƙe wanda bai kai shi kauri ba ka ɗora, wani kuma ya tokare hinjin da babbar guduma ta ɗaya gefen, in ba haka ba jikin motar ne zai riƙa shanye bugun. Ka kare idonka don ƙarfe na tsalle.

In ya ƙi, sai mai walda. Hinjin zai gasa ba fin ɗin ba, don ramin ya buɗe, amma a goge man da aka fesa tukuna, a rufe roba da wayoyi da jiƙaƙƙen tsumma. In hinjin na ɗaurin noti ne ni na fi son a zagaye wurinsa da alli a kwance shi gaba ɗaya a kai kan bais, wato maƙatar ƙarfen nan da ake danne abu da ita a gareji, a sa soket a ƙasa fin ya faɗa ciki. Huda shi da diril shi ne na ƙarshe, a fara da ƙaramin baki a tsakiya sosai kar a ci ramin.

In ya fita ka duba ramin, in ya zama kamar ƙwai sabon fin kaɗai ba zai ɗaga ƙofar ba, sai an sa bush, wato zoben ƙarfe da ke matse ramin, ko an cike ramin da walda an sake hudawa. Ɗaya bayan ɗaya za ka yi, kar ka cire na sama da na ƙasa tare, kuma ka shafe sabon da giris kafin ka mayar.