Shin Zara da Gamzaki tauraro ɗaya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ka raba mana gardama. Kakata ta ce Zara matar wata daban, Gamzaki na asuba daban, shi kuma malamin jogirafi ɗinmu ya ce abu ɗaya ne, wai ma ba tauraro ba ne. Wa ya fi gaskiya? Kuma idan ɗaya ne, ya aka yi mutanen da suka gane alhali ba su da na'ura?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Malaminka ne da gaskiya, amma kar ka je kana ɗaga wa Kaka murya, abin da idonta ya nuna mata ta faɗa, kuma Girkawan farko ma da duk iliminsu suna biyu suka ba shi, na yamma Hesperos na asuba Phosphoros, sai daga baya suka yarda ɗaya ne. Larabawa na ce masa Zuhura, Turawa Venus, kuma duniya ce irin tamu, kusan girmansu ma ɗaya, tana zagaya rana, hasken da kake gani ba nata ba ne na rana ne yake dukan gajimaren da ya lulluɓe ta ya dawo mana.

Ga abin da za ka gwada da kanka. Ka tambayi Kaka ko ta taɓa ganin Zara a tsakiyar sama da tsakar dare. Ba ta taɓa ba, ba kuwa za ta taɓa ba. Kullum a yamma take bayan magariba, in ta daɗe sosai ta kai awa 3 da ɗan wani abu bayan faɗuwar rana sai ita ma ta faɗi. Haka Gamzaki, a gabas kawai, kafin fitowar rana. Sannan a watannin da Zara ke haskawa da yamma ka tashi da asuba ka nemi Gamzaki, babu shi. Sai ta ɓace sannan zai bayyana.

Dalili kuwa shi ne hanyar da take bi wajen zagaya rana tana cikin tamu. Mu muna nesa da rana kamar kilomita miliyan 150, ita kamar miliyan 108, to ka ga daga nan inda muke kallo kamar akuya ce a turke, rana ce turken, ta je gefen nan ta dawo ta je wancan gefen amma igiyar ba ta barinta ta yi nisa. Iyakar nisan da take yi da rana a idonmu kusan digiri 47 ne. In kana so ka auna, miƙe hannunka sosai ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen nan kusan digiri 10 ne a sama, wato ba ta kai dunƙule biyar daga rana. Idan tana gabas da rana, rana ce za ta riga ta faɗuwa sai mu ce Zara ta fito, idan ta koma yamma da rana sai ta riga rana fitowa mu ce Gamzaki.

Kuma wannan abin, da lissafi yake tafiya. Tana yin kamar wata 8 da ɗoriya da yamma, sai ta ɓace na kwana kaɗan, wajen mako guda, lokacin da take ratsawa tsakaninmu da rana, sai ta ɓullo da asuba ta yi wasu wata 8 ɗin, sannan ta sake ɓacewa, wannan karon ta fi daɗewa har wajen kwana 50 ko fiye saboda ta zagaya ta bayan rana. Duka duka kwana 584 sannan a koma farko.

Zancen matar wata kuma yana da tushe. Jinjirin wata a yamma yake tsayawa kusa da inda rana ta faɗi, nan ne kuma wurin Zara, shi ya sa kwana biyu ko uku da tsayuwar wata za ka gan su gefe da gefe. Amma a ido ne kawai. Wata na nan kilomita 384,000 daga gare mu, ita kuwa ko lokacin da ta fi matsowa tana wajen miliyan 40.

Toh batun mutanen da, nan ne ni abin ya fi burge ni. Haƙuri da rubutu ne na'urarsu. A Babila, Iraƙi ta yanzu, akwai wani allon yumɓu da ke ɗauke da bayanin fitowa da ɓacewar wannan tauraruwa na shekara 21 a zamanin wani sarki Ammisaduqa, sama da shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kwafin da ya fi shahara an tono shi ne a Ninawa kusa da Mosul, yanzu yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A ciki za ka ga an rubuta ta ɓace a yamma ran kaza ga watan kaza, ta yi kwana kaza ba a gan ta ba, ta fito a gabas ran kaza. Duk wanda ya rubuta haka ai ya riga ya san abu ɗaya yake bi. Gaskiya su don duba suke yi, suna ɗauka ita ke nuna ko za a yi yaƙi ko za a samu amfanin gona, wannan kam shirme ne, amma kwanakin da suka ƙirga sun yi amfani. Daga irin wannan ƙirga ne aka lura cewa zagaye 5 na kwana 584 ya ba da kwana 2,920, shekara 8 kuma kwana 2,922 ne, bambancin kwana 2 kacal. Ma'ana inda ka ga Zara yau, bayan shekara 8 a kusan wannan ranar nan za ka sake ganinta. Ka ga mutum zai iya faɗin ranar fitowarta tun kafin ta fito ba tare da ya san me take ba.

Sanin me take ɗin ne ya ɗau lokaci. Masanin taurari Batlamus, wanda Turawa ke kira Ptolemy, ya rubuta babban littafinsa a Iskandariya ta Masar wajen shekara ta 150, ya jera taurari sama da 1,000 cikin rukuni 48, ya kuma tsara cewa duniyarmu ce a tsakiya komai na zagaya ta. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9 da sunan Almajisɗi, malamai irin su Albattani a Raƙƙa ta Siriya da Abdurrahman Assufi, mai littafin siffofin taurari na shekarar 964, suka sake aune-aune suka gyara kurakurai da dama, amma tsarin duniya-a-tsakiya ya zauna. A tsarin Batlamus Zuhura kullum tana tsakaninmu da rana ne, kenan ba yadda za a yi mu ga fuskarta ta kusa cika da haske. Sai a ƙarshen 1610 Galileo a Italiya ya saita madubin hangen nesansa a kanta, ya gan ta ƙarama ta kusa cika, da aka kwana biyu ta koma rabi, daga nan ta zama lauje kamar jinjirin wata tana kuma ƙara girma. Wannan ba zai yiwu ba sai in rana take zagayawa. Mutane na yawan cewa a nan aka tabbatar duniyarmu ma tana zagaya rana, a'a, wannan hujjar Zuhura kawai ta shafa, duk da ta ƙarfafa maganar da masanin taurari Copernicus ya buga a 1543 cewa rana ce a tsakiya, duniyarmu ke zagaya ta.

Saura yadda za ka bambance ta da taurari na gaskiya. Tauraro rana ce mai zaman kanta, nisa ne ya mai da shi ɗigo, Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, haskensa sai ya yi shekara 8 da rabi a hanya kafin ya iso idonka. Saboda ɗigo ne iskar samanmu ke kaɗa haskensa ka ga yana ƙyaftawa. Ita Zuhura tana kusa, tana da ɗan faɗi ko da ido bai raba shi, shi ya sa haskenta a tsaye yake, sai dai in ta yi ƙasa ƙasa ko ana hazo.

Abu ɗaya da ke ruɗa mutane shi ne Mushtari, wato Jupiter. Shi ma yana da haske sosai kuma ba ya ƙyaftawa, wani lokaci yana fitowa da asuba daidai lokacin da Zara ke yamma, to in Kaka ta nuna maka shi ta ce ga Gamzaki kar ka rikice, shi hanyarsa a wajen tamu take don haka har tsakar dare ana ganinsa a tsakiyar sama. Idan ka samu aron madubin hangen nesa na hannu, irin mai ido biyun nan, ka jira makonnin ƙarshe kafin Zara ta ɓace, ka jingina gwiwar hannunka a katanga don kar ya riƙa rawa, za ka iya ganin laujen. Amma ka bari sai rana ta faɗi gaba ɗaya tukuna, in ka kuskura madubin ya haɗu da rana zai iya ƙona maka ido nan take.