Berti Vogts ya buga ƙwallo, ba wasa ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Vogts ya taɓa taka leda kafin ya zo horar da Super Eagles. Ai ya buga, kuma gwani ne a tsaron baya! Daga 1965 zuwa 1979 bai sa rigar wata ƙungiya ba sai ta Borussia Mönchengladbach da ke Jamus, inda ya ci kofin Bundesliga sau 5 da na UEFA sau 2. Gajere ne, amma in ya maƙale wa mutum sai ka ce kaska. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 1974 a Munich, shi aka ɗora wa tsare Johan Cruyff, tauraron Holland. Vogts ya sha katin gargaɗi tun da wuri, duk da haka ya hana Cruyff sakat, Jamus ta Yamma ta ci 2-1.

A koci, shi ya ciyo wa Jamus kofin Turai na 1996 a Wembley. Mu dai ba mu ci moriyarsa ba. A 2008 a Accra, Ghana da 'yan wasa 10 ta fitar da mu daga gasar kofin Afirka da ci 2-1, Junior Agogo ya zura ta biyun. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Bai jima ba ya ajiye aiki ya wuce Azabaijan.