Takardar kuɗin asibiti a Amurka: kada ka yi saurin biya

Wani ɗan'uwa mai tuƙin tasi a Bronx da ke birnin New York ya rubuto mana. Cikin dare ciwon ciki ya murɗe maiɗakinsa, aka garzaya da ita asibiti, aka yi mata tiyatar afendis. Yana da inshora, amma bayan mako uku takardu huɗu suka iso, daga asibiti, da likitan tiyata, da mai allurar barci, da motar asibiti, jimla sama da dala 9,000. Tambayarsa: ya biya da katin bashi, ko ya dakatar da kuɗin da yake aika wa Hajiyarsa a Zariya?

Ɗan'uwa, sannu da jinya, Allah ya ƙara mata lafiya. Kada ka yi ko ɗaya tukuna. Takardar farko a ƙasar nan kamar kuɗin da ɗan kasuwa yake fara faɗa ne a Kwari, ba a kansa ake yin sallama ba.

Jira takardar kamfanin inshorarka da suke kira EOB. Ita ba neman kuɗi take yi ba, lissafi ne kawai: abin da asibiti ya nema, abin da inshora ta amince da shi, abin da ta biya, da ragowar da ke kanka. Shimfiɗa ta a tebur kusa da takardun nan huɗu. Duk inda asibiti ya nemi fiye da ragowar, akwai magana. Sannan ka kira ofishin kuɗi na asibitin ka ce a turo maka lissafin dalla-dalla, kowane magani da kowane gwaji a layinsa. A nan ake ganin allurar da aka rubuta sau biyu.

Takardar mai allurar barcin ita na fi zargi. Sau da yawa irin waɗannan likitoci ba su da yarjejeniya da inshorar mutum, sai su turo kuɗi mai tsoka. Tun 1 ga Janairun 2022 dokar No Surprises Act ta hana wannan a jinyar gaggawa: ba za a caje ka fiye da abin da za ka biya wa likitan da ke cikin tsarin inshorarka ba. Ambato sunan dokar a waya, za ka ji murya ta sauya. Motar asibiti kuwa dokar tarayyar ba ta shafe ta ba, sai ka tambayi inshora abin da dokar jiharku ta tanada.

Idan inshora ta ƙi biyan wani abu, kana da kwana 180 na ɗaukaka ƙara a wurinta. In kuma asibitin na marasa neman riba ne, doka ta wajabta masa tsarin rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma kana da kwana 240 daga takardar farko ka cike fom. Mutanenmu kunya ke hana su nema, wai kamar bara. Ba bara ba ce, a madadin harajin da aka yafe wa asibitin ne.

Katin bashi dai ka bar shi a aljihu. In ka biya da shi, ka mai da bashin asibiti ya zama bashin banki mai kuɗin ruwa, rangwame kuma ya yi wuya. Gara ka nemi biyan wata-wata da asibitin kai tsaye, ka tabbata an rubuta cewa babu ruwa a kai. Bashin jinya ba ya shiga bayanan bashinka, wato tarihin biyan bashi da bankuna ke dubawa, sai ya shekara ba a biya ba, don haka akwai lokaci.

Duk wanda ka kira, rubuta sunansa da ranar da lambar shaidar kiran da ya ba ka a littafi ɗaya. In Turancinsu ya yi maka sauri, ka ce a haɗa ka da tafinta, kyauta ne. Kuɗin Hajiya na wannan watan kuwa, tura mata.