Baƙaƙen ɗigo a cikin niyutirofil

Ɗana, ka tambaye ni a kan jinin yaron nan mai zazzaɓi. Ka ce da ka duba jinin a madubin ƙara girma, ka ga niyutirofil, wato fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar bakteriya, cike da manyan ɗigo masu duhu, wasu har da ramuka kamar kumfa, kuma kana tsoron ko sankarar jini ce.

Kafin ka zargi jinin, fara zargin hannunka. Jinin da ya yi awanni a kwalbar EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, balle a zafin nan namu, ƙwayoyinsa kan yi ramuka da kansu. Rinin Leishman ma, wanda ake rina jinin da aka shafa a gilashi da shi, idan ya daɗe a kan gilashin, ko ruwan da ka sirka shi da shi ya haura pH 6.8 a ma'aunin tsami, komai zai yi duhu. Dubi sauran ƙwayoyin. In duk sun rine haka, laifin rini ne. Sake shafawa da sabon jini.

Idan ɗigon sun sake fitowa, to yawanci jiki ne ke fama da bakteriya. Ɓargo yana gaggawa, yana turo ƙwayoyin da ba su gama nuna ba. Sai ka nemi abokan tafiyar ɗigon: tabo mai shuɗi-shuɗi a gefen ƙwaya, wanda ake kira da sunan Döhle, da niyutirofil ɗin da cibiyarsa ba ta rabu ba, tana lanƙwashe kamar baka, alhali nunanne yakan rabu gida 2 zuwa 5. In ɗigo da ramuka da tabon nan suka haɗu, kada ka jira a zo karɓar sakamako. Taka da ƙafarka ka gaya wa likita, don mai yiwuwa cutar ta shiga jini, kuma yaro ba ya jure jinkiri.

Da damina ka ƙara lura. Akwai wani ɗigo mai ruwan ƙasa, a dunƙule, cikin monosayit (wata farar ƙwayar jini ce babba) ko niyutirofil. Wannan ragowar abin da ƙwayar maleriya ta ci ne a jan jini, kuma yawansa a niyutirofil alamar tsanani ce. Yi shafin jini mai kauri a gilashi, ka rina shi da rinin Giemsa, ka nemi ƙwayar maleriya.

Sankara kamarta daban: ƙwaya babba, cibiya ta kusa cinye ta duka, wani lokaci da siririn jan tsinke a cikinta, wanda ake kira da sunan Auer. Limfosayit ɗin da bairos ya tayar, shi ma wani nau'in farar ƙwayar jini ne, yakan yi kama da ita, ya sha ruɗa manya ma. In ka ga irin wannan, kada ka rubuta komai a takarda. Kawo mini gilashin mu duba tare.