Tambaya da amsa: Yaya ake zama likitan namun dawa, kuma me ake fara ginawa a gidan zu?

Tambaya: Malam likita, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise a nan Maraɗi. Ina son aikin likitan dabbobi, amma na namun dawa, kamar na gidan zu na Yamai. Ina ake karatunsa? Kuma in Maraɗi za ta yi nata gidan, da me ya kamata a fara?

Amsa: Ƙanena, ba a fara wannan karatu da zaki. Sai ka zama likitan bisashe tukuna. Bayan bakaloriya ta kimiyya, ƴan Nijar da yawa kan tafi makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, wadda aka kafa a 1968, wasu kuma su tsallaka jami'o'in Zariya da Sakkwato. Ka ɗauki wajen shekara shida. Namun dawa kuwa a bakin aiki ake koyonsu, a wuri irin gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai tun 1959, wanda gidan zu ke cikinsa, ko tare da jami'an gandun daji a Gadabeji, inda aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018. Kada ka raina jar akuyar Maraɗi, domin cikinta da na barewa tsarinsu ɗaya.

Yawancin aikin a kan abinci yake, ba a kan allura ba. Babban zaki kan ci kilo 5 zuwa 7 na nama a yini, a hana shi kwana ɗaya a mako. Kuskuren da aka fi yi shi ne ba shi tsoka zalla. Tsoka ba ta da isasshen sinadarin da ke gina ƙashi, sai ka ga ɗan zaki ƙafafunsa sun lanƙwashe, ƙashi na karyewa ba tare da ya faɗi ba. Maganinsa a ba shi nama da ƙashinsa da fata da kayan ciki, ko a barbaɗa garin ƙashi. Mushe kuma ba ya shiga keji sai an san abin da ya kashe shi, saboda ciwon saifa kan bi nama ya kama wanda ya ci, yana iya kashe shi ma. Jimina da barewa leda ke kashe su. In an buɗe ciki bayan mutuwa a tarar da ita a dunƙule ta toshe hanya. Birai kan ɗauki tarin fuka daga mutane, shi ya sa ake sa tazara tsakanin keji da ƴan kallo, ba don rowa ba.

Inda likita ya fi zufa shi ne sa dabba barci. Ba a auna ta a sikeli kafin a harba mata allura, da ido ake ƙiyasta nauyinta, kuma nan ake yin kuskure: magani ya yi kaɗan ta farka a hannun mutane, ya yi yawa numfashi ya tsaya. Ga masu cin nama an fi haɗa magungunan barci biyu, ketamin da medetomidin, sai a tanadi atifamezol na farkarwa a cikin sirinji tun kafin a harba. A hana dabbar abinci tun daren jiya don kada ta yi amai ya bi hanyar huhu. Ana harbi a tsokar cinya ko kafaɗa, a jira minti 10 zuwa 15, a taɓa kunnenta da doguwar sanda daga wajen keji, sannan a shiga a rufe mata ido da ƙyalle. Mai tuƙa, kamar barewa, a ƙirjinta ake kwantar da ita, baki ƙasa. In ta kwanta a gefe ciki zai kumbura ya danne huhu. A watan Afrilu da Mayu, da zafinmu ke wuce digiri 40, aikin asuba ne, da jarkokin ruwa a kusa. Kuma ba a korar barewa da gudu don a kama ta: tsokarta kan lalace, fitsari ya koma ja, bayan kwana biyu ta mutu, mutane su ce maganin barci ne.

Batun gidan zu a Maraɗi kuwa, hukumomi sun fi son a fara da ƙofa mai ado da zaki, a yanke kirtani a ɗauki hoto. Wannan juyin waina ne da baya. Abin farko ruwa ne da ba ya yankewa, sai katanga mai hana karnuka da awaki shiga, don su ke kawo haukan kare da cututtukan garke. Sai ɗakin killace baƙuwar dabba na aƙalla kwana 30, da kwano da tsintsiya nata na daban, a duba kashinta a ba ta maganin tsutsa da kaska. Sai ɗakin sanyi na nama mai wutar rana, da kejin matsewa wanda bangonsa ke matsowa a yi allura ba tare da barci ba. Kowane kejin mai haɗari ƙofa biyu, ba a buɗe ta ciki sai ta waje ta rufu.

Dabbobin farko su zama waɗanda ƙasarmu ke iya ciyarwa da harawa da dusa da ƴaƴan gawo: kunkuru, jimina, barewa, zabin daji, da takardun izini daga ma'aikatar muhalli. Zaki ɗaya mai cin kilo 6 sau shida a mako zai lashe kusan tan biyu na nama a shekara, kuma kuɗin tikitin bukukuwan sallah ba ya biyan wannan. Sai an rubuta shi a kasafin gari, an ƙulla yarjejeniya da mayanka, kafin a aika mota ta ɗauko shi.