Me kusu zai koya mana game da farfaɗiyar gado?

Malama, kin ce ɗan ƙanwarki a Maradi ya fara farfaɗiya yana wata shida, kina mamakin yadda ciwon gado zai jira watanni kafin ya fito.

Binciken da aka yi a kan kusu ne ya fayyace mana wannan. Akwai wata farfaɗiyar jarirai da likita Charlotte Dravet ta bayyana a Faransa a 1978, galibi daga lahani a ƙwayar halitta SCN1A. Kusun da aka lalata wa wannan ƙwaya lafiya ƙalau ake haihuwarsa, sai wajen mako na uku ciwon ya taso. Dalili kuwa, a lokacin ne jijiyoyin da ke taka wa ƙwaƙwalwa birki suke fara dogaro da wannan ƙwaya. Ba birki, sai wuta ta kama. In aka ɗumama jikin kusun, sai ya faɗi, kamar yadda masassara ke tayar wa yaro.

Amma fa a nan, musamman da damina, masassarar sauro ma tana kawo jijjiga. Ku kai ɗan ƙanwarki asibiti a auna jini. Kada a sayo magani a kasuwa, domin wani maganin farfaɗiya mai suna carbamazepine yana ƙara tsananta irin ta Dravet.