An kashe jijiyar haƙorina, me ya kawo ƙurji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Bara aka wanke mini jijiyar haƙorin gaba na ƙasa aka cike shi. Yanzu wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi daidai gindinsa, in ya fashe sai ya sake cika. Haƙorin da aka kashe, ta ina kuma yake kawo ciwo? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sawwaƙe. Ƙurjin nan ƙofa ce da mugunya ta huda wa kanta, alamar akwai ƙwayoyin cuta da suka saura cikin saiwa.

Mutane kan ɗauka kafar da jijiya ke kwance a ciki miƙaƙƙiya ce ɗaya tilo. In na sa haƙorin da aka cire a ƙarƙashin madubin ƙara girma, abin da nake gani daban ne. A milimita 3 na ƙarshen saiwa, kafar kan yi 'yan rassa sirara kamar gashi, kuma bakinta sau da yawa ba a kan tsinin yake ba, yakan karkace gefe da rabin milimita ko fiye. Allurar gogewarmu ba ta shiga rassan nan, sai dai ruwan wanki ya ratsa su.

Amma da kika ce na ƙasa ne, zargina ya fi karkata wani wuri. Waɗannan haƙoran ƙanana ne, saiwarsu a matse take, kuma da yawansu kafa biyu gare su, ɗaya ta wajen leɓe, ɗaya ta wajen harshe. Binciken da wasu masana biyu, Benjamin da Dowson, suka yi a 1974 ya sami haka a kashi 41 cikin 100 na haƙoran da suka duba. A hoton X-ray da aka ɗauka daga gaba, ta farko kan rufe ta biyu ruf, sai a wanke ɗaya a bar ɗaya. Wannan na damuna ƙwarai, domin haƙori ne da ake iya ceto.

Ki koma asibiti, ki nemi a ɗauki hoton ta gefe, ko hoton CBCT, mai nuna haƙori ta kowane ɓangare, in akwai. In an ga kafar da aka tsallake, a buɗe a sake wankewa. In kuwa rassan ƙarshe ne, akwai ƙaramar tiyata da ake datse milimita 3 ɗin a toshe bakin.

Don Allah kada ki yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Jini ba ya shiga kafar da aka cire wa jijiya, saboda haka maganin ba zai kai can ba. Ƙurjin zai lafa ne kawai ya dawo. In kika ga kumburi ya sauko haɓa, ko zazzaɓi ya biyo, kada ki kwana ba ki ga likita ba.